Ruwan Sama Albarka Ne Ga Gona, Ban Da Waya Da Littafin Ƙungiya



Mu mutanen ƙasar Gumel, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, mutanen tudu ne. Ba mu da babban kogi kamar mutanen Ringim da Haɗeja. Ƙasarmu jigawa ce, rairayi ya fi yawa, ruwan da muke samu a shekara kuwa kimanin milimita 500 zuwa 600 ne, yawancinsa cikin Yuli da Agusta. Dattawanmu ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. Saboda haka tun muna yara abin da aka koya mana shi ne roƙon ruwa da tattalin ruwa. Ba wanda ya koya mana gudun ruwa. Idan hadari ya taso daga gabas murna muke yi, mutum ya jiƙe sharkaf a hanyar gona, ya iso gida yana dariya.

Dā ba laifi a yi haka, gama abin da manomi yake ɗauke da shi bai wuce fartanya da goran ruwa da malafa ba, ruwa kuwa ba ya ɓata ko ɗaya daga cikinsu. Amma yau ku laluba aljihunku ku gani. Akwai waya. Akwai katin banki da katin zaɓe da takardar lambar ɗan ƙasa. A kafaɗa ga rediyo, a baya ga injin feshi mai batir, a gida kuma ga fitila mai aiki da hasken rana. Wanda ƙungiya ta ba amana yana da ƙari, watau littafin kuɗi da rasiɗai. Ruwan minti goma ya isa ya lalata waɗannan duka.

Abin da ya faru a hanyar Maigatari

Ga abin da ya sa muka ɗauko wannan magana. Wata damina, cikin watan Agusta, ma'ajin wata ƙungiyarmu ya tafi kasuwar Maigatari ranar Alhamis domin ya sayar da raguna biyu na ƙungiya, ya sayo takin yuriya na zubi na biyu. Duk wanda ya san Maigatari ya san ba a barin kasuwar da wuri. Dabbobi suna shigowa daga Nijar, daga wajen Dungas da Magarya da Damagaram, fatake kuma suna zuwa da manyan motoci har daga kudu, ciniki ba ya faɗawa sai rana ta juya. Ya ɗaure takinsa a bayan babur, ya kama hanya da la'asar sakaliya. Bai yi nisa ba iska ta taso da ƙura, bayanta ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ba gari kusa, ba rumfa. Littafin ƙungiya yana cikin baƙar leda irin ta cefane, ya cusa shi a aljihun riga tare da wayarsa.

Ya iso gida lafiya, mun gode wa Allah. Takin ma bai yi wata ɓarna ba, domin buhun yuriya yana da leda a ciki, ba a kuma kwance bakinsa ba. Amma wayar ta ɗauke. Da ya ga haka sai ya sa ta a caji, ya ƙarasa ta. Ledar littafin kuwa ashe ta huje tun a kasuwa, ruwa ya shiga ya kwanta a ciki. Shafi huɗu da aka rubuta bashin taki da alƙalami mai ruwan tawada suka zama shuɗi ɗaya, ba suna ba lamba.

Waya dai kuɗi ce, an yi karo-karo an saya masa wata. Littafin ne ya kawo wahala. Da kaka ta yi aka zauna karɓar bashi, sai wannan ya ce rabin buhu ya karɓa, waɗansu suka ce buhu guda suka ga an ɗora masa a amalanke. Wata tsohuwa gwauruwa ta miƙe ta ce, "Malam ma'aji, ai hannu da hannu na ba ka kuɗina, ranar da muka tashi daga taron Zumuntar Mata." Shi kuwa ya ce, "Iya, ban ƙaryata ki ba. Amma ga littafin nan, ki ba jikanki ya karanta mana in zai iya." Ba wanda ya yi niyyar cuta, wannan mun tabbata. Mantuwa ce ta ɗan adam, wadda dominta aka yi littafi tun farko. Duk da haka gidaje biyu sun yi watanni ba sa gaisawa a ƙofar majami'a. Sai da fasto da dattawa suka zauna har sau uku, ƙungiya kuma ta yafe abin da ba a iya tabbatarwa ba. Mutum uku suka janye daga ƙungiyar, ɗaya daga cikinsu bai komo ba.

Waya ta zama rumbu

Kada wani ya ce waya abin yara ne. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001. A 2012, zamanin da Akinwumi Adesina yake ministan gona, gwamnatin tarayya ta fara aika wa manoma saƙon takin rangwame ta waya. A ƙarshen 2020 aka ce kowane layi sai an haɗa shi da lambar ɗan ƙasa. A farkon 2023 kuma, sa'ad da aka canja takardun naira kuɗi suka ɓace a hannun mutane, mun ga yadda dillalan riɗi da zoɓo da na dabbobi suka koma biya ta waya da na'urar POS, har da waɗanda dā suke cewa ba za su taɓa kai kuɗinsu banki ba. Tun daga lokacin, kuɗin manoma da yawa a cikin waya suke kwana.

Gaskiya ne layin kansa bai cika mutuwa da ruwa ba, ana iya cire shi a sa a wata wayar. Amma lambobin da aka ajiye a kan wayar, da hotunan rasiɗai, da saƙonnin shaidar biya, sukan tafi tare da ita. In kuwa ta faɗa tafki ko rijiya da layin a ciki, sai a bar gona a tsakiyar maimai, a tafi gari da takardar lambar ɗan ƙasa, a yini a ofishin kamfani kafin a dawo da layin.

Ga kuma ambaliya. Rashin kogi bai hana mu ganinta ba. A 2022 ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a Nijeriya, Jihar Jigawa kuwa tana cikin waɗanda suka fi shan wahala, inda fiye da mutum 100 suka rasu. Ta sake dawowa a 2024. A wajenmu ba kogi ne yake tumbatsa ba. Ruwan sama ne yake sauka da yawa cikin dare ɗaya, kududdufai su cika su shiga gari, katangar ƙasa ta jiƙa ta zauna, soro ya rufto. Maigida yana fitar da yara cikin duhu, ba ya tuna akwatin takardun da ke ƙarƙashin gado.

Kakanninmu ba su jahilci wannan ba

Ko da yake manomi bai damu da jiƙewa ba, fatake da madugai sun damu. Suna zuba kaya a taiki da waga na fata, su sa abin da suke tattali a burgami. Mai da kwalli a tandu ake zuba su. Maƙwabtanmu malamai suna ajiye littattafansu a gafaka mai marufi da igiya, su rataye ta a bango nesa da gara. Makiyayi yana da kabido na kaba. Rumbu kuwa a kan duwatsu ake ɗora shi, a kifa masa jinka. Iri mai kyau akan shanya shi sosai, a gauraya da toka, a zuba a tukunya ko a gora, a liƙe bakin da taɓo. Kun kuma san labarin mahaifiyar Musa, wadda ba ta sa jaririnta a kwando haka kawai ba, sai da ta shafe kwandon da kwalta tukuna. Dabarar ba ta canja ba. Abin ajiya ya bushe, baki ya rufu, a ɗaga daga ƙasa, a sa a inuwa. Kayan ajiyar ne kaɗai suka canja.

Misali mafi kusa da mu shi ne buhun wake mai ninki uku, wanda ake kira PICS. Masanan ƙwari na Jami'ar Purdue ta Amurka, a ƙarƙashin Larry Murdock, su ne suka fara gwada dabarar tare da masanan gona na Marwa a arewacin Kamaru, tun wajen ƙarshen shekarun 1980. A 2007 aka fara yaɗa buhun a ƙasashe goma na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har da Nijeriya da Nijar, kamfanin Lela Agro na Kano kuma ya shiga yinsa. Buhun yana da leda biyu masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. In an zuba wake an matse iska an ɗaure, ƙwarin da ke ciki su shanye 'yar iskar da ta rage, su daina ci da haihuwa, su mutu. Ba a sa magani ko kaɗan.

Waɗanda suka ga gwajin buhun nan a ƙauye za su tuna abin da malaman gona suka yi ta nanatawa. A hura ledar a ga ko ta huje kafin a zuba kome. A murɗe bakin kowace leda, a lanƙwasa shi, a ɗaure ta dabam, ba a haɗa su uku a ɗaure ɗaya ba. Kada a zuba waken da bai bushe ba. Kada a jingina buhun da bango ko a ajiye shi a ƙasa ko a rana. To, 'yan'uwa, wanda ya iya ajiye wake a buhun nan ya riga ya iya ajiye waya da rediyo da littafi. Ilimin ɗaya ne.

Da muke kan batun bushewa, ga wata dabara da ba ta cin kuɗi. Ku sami kwalba busasshiya, ku zuba busasshen gishiri kaɗan da danƙin hatsi, ku rufe ku girgiza, ku bar ta ta ɗan jima, ku sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai bushe ba, a mai da shi shanya.

Irin jakunkunan da ake samu

Baƙar ledar cefane ba jakar ajiya ba ce. Ba ta da kauri, makulli ko ƙaya ko bakin littafi ma yana huda ta, ruwa kuma in ya shiga ba ya fita. Ledar da take da zif a baki, irin wadda ake zuba magani a kemis amma babba, ta fi ta nesa ba kusa ba, in an matse iska an ja zif ɗin har ƙarshe. Sai dai rairayi yana shiga haƙoran zif ya hana shi kamawa, mu kuwa rairayi muka fi arziki da shi. A riƙa kaɗe ta, a kuma sa biyu, ɗaya cikin ɗaya, bakin wannan yana duban gindin waccan.

Akwai jakar waya ta roba mai haske, mai maƙalli a baki da igiyar ratayawa a wuya. Ana iya amsa kira ba tare da an fitar da wayar ba. Masu sayar da kayan waya sukan kawo ta, wanda ya shiga Kano kuwa sai ya tambaya a kasuwar waya ta Farm Centre. Tana da amfani ga mai babur da mai kiwo, amma rana tana sa robar ta bushe ta tsage a gefen maƙallin, saboda haka ba a dogara da ta bara sai an sake gwada ta.

Wadda ta fi duka ita ce jakar tamfol mai naɗe baki. Siffarta kamar ƙaramin buhu, ba ta da zif. Ana zuba kaya, a matse iska, a haɗa leɓunan bakin, a naɗe su ƙasa sau uku ko huɗu, sa'an nan a lanƙwaso gefe biyu a maƙale. Naɗin nan shi ne ƙofar, naɗi ɗaya ko biyu ba ya hana ruwa. Masu tuƙa kwalekwale da masu yawo da keke a Turai da Amurka su ne suka fi amfani da ita. Wani Bajamushe mai suna Hartmut Ortlieb ya sha dukan ruwa yana yawo da keke a Ingila, kayansa duka suka jiƙe. Sai ya lura da tamfol ɗin manyan motoci, yadda yake kare kaya, ya koma gida ya ɗinka wa kansa jaka da shi, a 1982 kuma ya kafa kamfani mai sunansa. Mun kawo labarinsa ne domin tamfol ɗin da ya ba shi dabara ba ya yankewa a tashar Maigatari kowace Alhamis.

Jakar kanti tana da tsada, ba kuma kullum ake samunta ba. Mun kai wa wani baduku guntun tamfol ya ɗinka mana, ta yi kyau, ta kuma jure yayyafi da ruwan hanya. Amma da muka nutsar da ita a baho, ruwa ya shiga ta ramukan allura. Dalili ke nan da waɗansu kamfanoni ba sa ɗinka nasu, da zafi suke narkar da gefe biyu su manne. Wanda zai yi ta gida sai ya naɗe ɗinkin sau biyu, ya shafe shi da gam ciki da waje, ya kuma sa leda mai kauri a ciki. Tsohuwar ledar buhun wake da ta huje a wuri ɗaya, wadda ba ta ƙara amfani ga wake, in an yanke wajen da yake da lafiya ta isa. Ledar cikin buhun taki ma tana yi, amma a wanke ta sosai ta bushe tukuna, gama taki yana cin ƙarfe, kada kuma a zuba abinci a ciki.

Waɗansu matasanmu sun yanki robar cikin tayar mota tsawon kamu ɗaya, mai faci ya manne musu gefe ɗaya, ɗayan kuma su lanƙwasa su ɗaure da zaren roba. Ruwa ba ya shiga. Aibinta baƙa ce, tana jan zafi.

Na ajiyar gida kuwa, ba mu ga abin da ya kai bokitin fenti mai murfi ba, in an kankare shi an wanke. Ruwa ba ya shiga, gara ba ta ci, ɓera yana shan wuya kafin ya huda, yana da mariƙi, in ambaliya ta zo da dare hannu ɗaya ya isa a fita da shi. Gwangwanin madara mai murfi yana ɗaukar waya da katuna. Matan zumunta kuma suka tuna mana da kular abinci, wadda ban da ruwa tana kare zafin rana. Mun yi dariya da farko, daga baya muka ga sun fi mu gaskiya.

Sai an gwada akan san na ƙwarai

Ko ta kanti ko ta gida, kada ku fara gwada jaka da waya. Ku sa guntun jarida busasshe a ciki, ku rufe yadda za ku rufe a hanya, ku nutsar a baho, ku danne da dutse har rabin sa'a. Ku goge bayan jakar kafin ku buɗe, domin kada ruwan hannunku ya ruɗe ku. In jaridar ta fito ƙamas, jakar ta ci. A sake wannan gwaji kowace shekara kafin ruwan shuka.

In mai kanti ya ce muku wannan waya ko fitila ba ta jin ruwa, ku tambaye shi lambarta. A jikin kwali akan rubuta IP da lambobi biyu, ma'auni ne da duniya ta yarda da shi. Lambar farko ta ƙura ce, daga 0 zuwa 6, mai 6 ƙura ba ta shigarsa. Ta biyu ta ruwa ce. Mai 4 yayyafi da fantsama kaɗai yake jurewa. Mai 7 an gwada shi cikin ruwa mai zurfin mita 1 har minti 30. Mai 8 ya wuce haka, gwargwadon abin da kamfanin ya faɗa. Inda aka sa X ba a gwada wannan gefen ba. Yawancin ƙananan wayoyi masu madannai da muke riƙewa ba su da wannan lamba sam. Mai IP67 ɗin ma tana sabuwa aka gwada ta, a ruwa mai tsabta. In ta taɓa faɗuwa ta tsage, ko mai gyara ya buɗe ta, ku ɗauke ta kamar sauran.

Jakar da ta hana ruwa shiga tana hana shi fita

Nan ne mutane da yawa suke yin kuskure, saboda haka ku lura da kyau. In aka sa waya da hannu mai gumi, ko aka haɗa ta da rigar da ta jiƙe, ko aka rufe jaka da safiyar da raɓa ta sauka, danshin yana nan a ciki. Rana ta buga jakar ya zama tururi, yamma ta yi sanyi ya koma ruwa, ya kwanta a jikin waya da takarda. Za ku ga gumi a cikin ledar. Kwana kaɗan tsatsa ta kama bakin caji, fumfuna ta kama littafi. Kamar waken da aka ɗaure bai bushe ba ke nan. Maganinsa a goge kome ya bushe kafin a rufe, in an iso gida kuma a buɗe jakar ta sha iska. 'Yan ƙullin nan masu ƙwayoyi kamar gishiri da ake samu a kwalin sabon takalmi ko a kwalbar magani, aikinsu shan danshi ne. Kada ku yar, ku jefa biyu ko uku a bokitin ajiya. Amma a nisanta su da yara, ba abin ci ba ne.

Zafi ma maƙiyi ne, a ƙasarmu kuwa ya fi ruwa daɗewa. Kamfanin Apple ya ce a yi aiki da wayarsa tsakanin digiri 0 da 35, kada a ajiye ta inda ya wuce 45. Irin batirin nan ne a cikin Tecno da Itel da Infinix. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu ko a inuwa zafi yana wuce digiri 40, balle cikin leda a rufe a kan kunya da tsakar rana. Abin da ke sa batir ya kumbura ke nan, har ya ɗaga murfin waya. Batirin da ya kumbura kada a huda shi, kada a jefa a wuta, kada a ci gaba da cajinsa. A gona sai a rataye jakar a reshen gawo ko aduwa, gefen inuwa, ko a rufe ta da ciyawa. Kada kuma a yi cajin waya tana cikin jaka a rufe.

Game da kayan sola, farantin kansa don waje aka yi shi, ruwa wanka yake yi masa. Abin da ruwa yake kashewa shi ne batir, da akwatin da ke daidaita caji, da mahaɗar wayoyin lantarki. Waɗannan a sa su ƙarƙashin rufi, a kan benci ko bulo. Amma babban batir mai ruwan asid, irin na mota, kada a kulle shi a bokiti ko a leda, gama sa'ad da yake caji yana fitar da iska mai kama wuta. Shi rufin sama yake so da iska ta gefe. Injin feshi mai batir kuma, in za a wanke tankin, kada a tsoma gindinsa a ruwa, nan batirin da makunnin suke.

Da hunturu ma kada a ajiye jakar a ce damina ta wuce. Ƙurar da ke shiga bakin caji da lasifika da cikin rediyo ita ce take shan danshi in damina ta dawo, ta zama taɓo. Rediyon da za a daɗe ba a kunna ba a cire masa batir, domin batir in ya kwana biyu yakan zubar da ruwa ya cinye ƙarfen.

In ruwa ya riga ya shiga

A kashe wayar nan take. In batirinta mai cirewa ne a cire, a cire layi da katin ajiya. A goge, a juya bakin cajin ƙasa a ɗan bubbuga a tafin hannu, a ajiye a inuwa inda iska take kaɗawa kwana ɗaya ko biyu. Kada a sa a caji, kada a yi ta kunnawa ana dubawa ko ta farfaɗo, kada a kanga a murhu, kada a shanya a kan kwano. Ba ruwan ne kaɗai yake kashe waya ba, haɗuwarsa da wutar batir ce. Mutane suna cewa a binne ta a cikin shinkafa. Kamfanin Apple da kansa ya ce kada a yi haka, domin ɓarɓashin shinkafa yana shiga ya ƙara ɓarna. In ruwan kududdufi ne mai laka, a kai wa mai gyara da wuri ya buɗe ya wanke, kada a jira tsatsa.

Littafi kuwa in ya jiƙe kada a yi ta buɗe shafi da ƙarfi. A tsai da shi a inuwa, a buɗe shi kamar maficin kaba, in ya sha iska a sa busasshiyar takarda tsakanin shafuffuka, a danne da abu mai nauyi.

Abin da waccan ƙungiya take yi yanzu

Bayan an sulhunta su, 'yan ƙungiyar nan suka zauna suka tsai da waɗansu sharuɗɗa, mun kuwa ga ya kamata sauran ƙungiyoyi su ji. Sun daina rubutu da alƙalami mai ruwan tawada, sai biro ko fensir, gama waɗannan ko takarda ta jiƙe ana iya karantawa. Littafi biyu suke da shi yanzu, a gida biyu. Babban ba ya fita ko'ina, yana cikin bokitin fenti a rataye a jikin azara tare da takardun rajistar ƙungiya. Ƙaramin ne yake zuwa kasuwa, cikin leda biyu cikin jakar tamfol. Ƙarshen kowane wata mutum biyu masu babbar waya suna ɗaukar hoton kowane shafi. Takardar da na'urar POS take fitarwa kuma ba sa dogara da ita, domin rubutunta yana gogewa da zafi cikin 'yan watanni, in aka kai ta a manne ta da roba mai zafi ma baƙi ƙirin take komawa. Sai su kwafe lambar da kwanan wata a littafi ran nan.

Takardun gida ma haka suka shawarci juna, watau takardar gona, da ta aure, da ta baftisma, da na makarantar yara, da katin asibiti. Na ainihi a bokiti, kwafi a aljihu. Wanda yake so a manne masa takarda da roba, kwafin za a manne, domin waɗansu ofisoshi ba sa karɓar ta ainihi in an manne ta.

Sharaɗin da ya fi ba mu sha'awa tsohuwar nan ce ta kawo shi. Ta ce ita ba ta iya karatu ba, bokiti kuma ba zai yi mata shaida ba. Saboda haka yanzu a kowane taro, bayan addu'ar buɗewa, sakatare yana miƙewa ya karanta sunan kowane mai bashi da abin da ya karɓa da abin da ya biya, da babbar murya, mai sunan kuma ya amsa. Da farko waɗansu sun ji kunya, yanzu sun saba.

Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi su sa wannan batu a taronsu na gaba, tun kafin ruwa ya sauka. Kowa ya zo da ledarsa ko jakarsa ko bokitinsa. Mata su taimaka da baho biyu da ruwa, sakatare ya kawo tsohuwar jarida da almakashi, matasa kuma su nemo duwatsun dannewa.